Abin Dariya Da Abin Takaici A Titunan Birnin Sin

 

A zamanin iyayenmu idan mutum ya ce zai nemo abu ko a Birnin Sin ne, to yana nufin ƙarshen duniya ke nan. Yau kuwa Sin ta iso har ƙasar Ungogo. Wanda ya tsaya bakin titin Katsina wajen Bachirawa, ko ya ratsa Rijiyar Zaki, ko ya leƙa Fanisau, ya dubi abin da ke hannun jama'a, zai tarar wayar hannu da fitila mai caji da farantin sola da injin ban-ruwa, har da atamfar da mata ke ɗaurawa, galibinsu daga can suka fito. Jikokin manoman nan da ke ɗauko taki daga birni a kan jakuna su zuba a gonakin gero da dawa da gyaɗa, yau su ne masu rumfuna a Kantin Kwari da kasuwar waya ta Farm Centre, su ne kuma ke bi ta Adis Ababa ko Alkahira su sauka ƙasar Sin sarin kaya. Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da wannan ƙasa tun 1971, amma zirga-zirgar fatakenmu sai bayan shekara ta 2000 ta yi ƙarfi.

Allah Ya nufe mu da zuwa can cikin watan Oktoba na 2024 tare da waɗansu almajiranmu 'yan kasuwa, muka zauna a birnin Gwanzu, muka kuma ziyarci Yiwu. Tun da muka dawo ake ta tambayarmu labari, saboda haka muka ga ya kyautu mu rubuta shi a wannan fili, domin masu niyyar tafiya su shirya, ma'aikatan hukuma kuma su ga abin da za su ɗauka da abin da za su bari.

GARIN DA BA BAƘO BA NE GA MUSULMI

Gwanzu tana kudancin ƙasar, bakin wani babban kogi, ba nisa da Hon Kon, kuma bisa ƙidayar 2020 mutanenta sun wuce miliyan 18. Larabawan da suka san ta tun ƙarnonin farko na Musulunci suna kiran ta Khanfu. Ibn Baɗuɗa ya ba da labarin zuwansa can wajen 1345, shi ne kuma ya sauka Takadda ta ƙasar Azbin a 1353 har ya ambaci Gobir cikin littafin tafiye-tafiyensa. Abu biyu da ya ba da labari sun ba mu mamaki da muka tarar da irinsu. Na ɗaya, ya ce Sinawa da kuɗin takarda suke ciniki, alhali sauran duniya na ta fama da zinariya da azurfa. Na biyu, ya ce a kowane masauki akwai jami'in da ke rubuta sunan duk baƙon da ya kwana. To har yau doka ce a sanar da 'yan sanda masaukin baƙo cikin awa 24 da isowarsa. In a otal ya sauka su ne ke yi masa, in kuwa a gidan aboki ne sai ya tafi da ƙafarsa.

Akwai tsohon masallaci mai suna Huwaishen, yana da doguwar hasumiya mai kamar kyandir, ana lissafa shi cikin mafi daɗewar masallatan ƙasar. Akwai kuma wani babba da fatakenmu suka fi zuwa Juma'a, inda ake nuna wani kabari a ce na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, Allah Ya yarda da shi. A nan wajibi ne mu faɗi abin da ke cikin littattafai. Malaman tarihi sun tabbatar Sa'adu ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina wajen shekara ta 55 bayan Hijira, aka binne shi a Baƙi'a. Haka nan maganar nan da ta yaɗu ta neman ilmi ko a Sin, malaman Hadisi ba su inganta ta ba. Wannan bai hana a ziyarci wurin a yi wa Musulmin da ke kwance a maƙabartarsa addu'a ba, bai kuma hana a koyi abu mai amfani daga Sinawa ba.

BABUR MARAR ƘARA

Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne mun je ƙasar da ta cika mana gari da babur irin su Jincheng da Lifan, amma a tsakiyar Gwanzu ba mu ga mai hawan irinsu ba. Ashe tun farkon 2007 hukumar birnin ta hana babur mai shan fetur shiga gari, saboda haɗari da ƙwacen jakunkuna. Mu ma a Kano an hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero, sai A Daidaita Sahu suka gaji titi. Su kuwa abin da ya gaji nasu titin shi ne ƙaramin babur mai batir, wanda doka ke lissafawa cikin kekuna.

Wannan abin hawa ba ya ƙara ko kaɗan. Bakano ya saba da kunnensa yake tsallaka titi, yana jin rurin inji ya san ta inda za a ɓullo masa. A can kuwa sai dai mutum ya ji iska ta kaɗa masa hannun riga, kafin ya waiwaya mai babur ya yi nisa. Ba a titi kaɗai suke bi ba, har daɓen da aka keɓe wa masu tafiya da ƙafa, waɗansu ma su biyo hannun da ba nasu ba, da dare kuma ba kowa ke kunna fitila ba. A lokacin da muka je, mafi gaggawarsu su ne masu kai wa mutane abinci gida, masu riguna rawaya ko shuɗi, domin an yanka musu lokaci, wanda ya makara a zaftare masa lada. Wani dattijo cikin ayarinmu, da aka kusa yin gaba da malum-malum ɗinsa sau biyu a yini guda, sai ya naɗe ta bisa kafaɗa kamar mai shirin dambe, ya ce shi ya gwammace ɗan acaɓan da, ko ba komai yana sallama kafin ya buge ka.

Su ma Sinawa hannun dama suke bi, kamar yadda muke bi tun 1972, amma wanda ya ƙetara Hon Kon sai ya koma hannun hagu. Sa'an nan a mararraba da yawa doka ta yarje wa mota ta karya dama ko da danja ta nuna ja. Watau ko fitilar masu tafiya ta ba ka hannu, kada ka sakankance, dubi hagunka tukuna.

LAMBAR MOTA DA ƘURI'A

A nan gida mai kuɗi ya sayi mota yau, gobe ya ɗaura lamba. A manyan biranen Sin kuwa samun lambar ya fi sayen motar wuya. A Shanghai tun 1994 gwanjon lamba ake yi, a Bejin tun 2011 ƙuri'a ake jefawa, mutum ya yi shekaru yana jira ba ta faɗo kansa ba. Gwanzu ta haɗa hanyoyin biyu tun 2012. Motoci masu batir kuwa an sauƙaƙa musu, koriyar lamba ake ba su, shi ya sa suka yi yawa, titi ya cika fal da motoci amma shiru kamar ana zaman makoki.

Ba safai ake ganin ɗan sanda ya tare hanya yana neman takardu ba. Kyamarori ne birjik bisa kowace mahaɗa, wanda ya saɓa sai dai ya ga saƙon tara a wayarsa, ba roƙo, ba "ranka ya daɗe", ba a san ɗan wane ba. A birnin Shenzen ma wajen 2017 an fara haska fuskar wanda ya tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba a wani babban allo, kowa ya gan shi. Mun yi ta tunanin da za a kafa irin wannan allo a Kurna ko Ƙofar Ruwa, da ba ya hutawa dare da rana, da kuma an ga manyan rawuna a kansa.

Amma fa duk da wannan tsari akwai cunkoso. Wata ranar Juma'a mun shiga tasi da wuri, tafiyar da aka ce mana ta minti ashirin ce ta cinye fiye da awa guda, muka isa liman na gab da saukowa daga mumbari. Direban ba ya jin kowane harshe sai nasu, ba ya kuma karanta boko irin namu. Saboda haka kowa ya riƙe katin masaukinsa mai rubutun Sinanci a aljihu, in ba haka ba ya kwana yawo. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a Gwanzu a 1997, shi ya fi sauri da araha, sai dai da safe da maraice ana matsa mutum kamar buhun gyaɗa a sito, maza da mata a cakuɗe, kuma waɗansu ba su jiran na ciki su fito. Mai son kare alwalarsa da mutuncinsa ya kauce wa waɗannan lokatai. Tsakanin gari da gari kuwa akwai jiragen ƙasa masu gudun kilomita 300 a awa, kuma ba su jiran kowa. Alhajin da ya saba a riƙe masa mota a tasha har ya gama sallama da iyali, a can yana isa da jinkirin minti biyu sai ya tarar an rufe ƙofa.

ALƘIBLA TA KOMA YAMMA

Mu a ƙasar Hausa alƙibla da gabas sun zama kalma ɗaya, har in an ce wane ba ya kallon gabas an san abin da ake nufi. To a Gwanzu Makka tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa. Mun ga wani bawan Allah, baƙo irinmu, ya fito da asuba ya dubi inda gari ke wayewa ya shimfiɗa darduma, sai da aka juya shi. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure yana da uzuri, amma wanda ke da abin duba alƙibla a wayarsa ya ƙi dubawa ba shi da hujja.

Agogonsu yana gaban namu da awa 7. Lokacin da ake sallar Juma'a a can, a Ungogo rana ba ta daɗe da fitowa ba. Duk faɗin ƙasar kuma agogo ɗaya suke bi, na Bejin, har a can yammacinta da hunturu sai wajen ƙarfe goma rana ke fitowa. Ba a jin kiran salla a titi, saboda haka mutum shi ne ladanin kansa. Bayan gidansu na tsuguno ne irin namu, amma ba a ajiye ruwan tsarki, sau da yawa ko takarda babu. Duk wanda zai tafi ya sa buta cikin jakarsa tun daga gida, ya kuma riƙa yawo da gorar ruwa.

Batun abinci shi ne mafi haɗari. Kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya a ƙasar Sin ake cin sa, kuma kitsensa na shiga har cikin ganye da burodi. Faɗin cewa ba ka cin nama bai isa ba. Sai a nemi shagunan Musulmin ƙasar, 'yan ƙabilar Hui masu fararen huluna, waɗanda ke murza taliya da hannu a gaban mai saye, suna nan kusan kowace unguwa. Kalmarsu ta halal ita ce "cin-jan", haruffa biyu ne na rubutunsu, ya kamata baƙo ya sa a nuna masa su ya haddace siffarsu, gama tun wajen 2018 aka cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa. Dokarsu ta hana baƙo yi wa 'yan ƙasa wa'azi ba da izini ba, kuma halin da Musulmin Uigur ke ciki a yammacin ƙasar, wanda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a kansa a 2022, ba abin da za a ja mai shago da hira a kai ba ne, kada a jefa shi cikin wahala. A yi musu addu'a. In kuma mai masana'anta ya shirya liyafa ya miƙo giya ko taba, a ƙi karɓa cikin ladabi tun farko, sun san Musulmi, ba su ɗauka da zafi.

CAMFE-CAMFE DA AL'ADU

Ko'ina aka je ruwan zafi ake ba baƙo ya sha, ko da zufa na keto masa, domin a ganinsu ruwan sanyi na ɓata ciki. Bayan cin abincin rana sai ka ga mai shago ya kifa kai bisa tebur yana barci, mai saye na tsaye. Wannan kam ba mu zarge su ba, ƙailula ce. Da magariba kuma tsofaffin mata ke taruwa a dandali su kunna kiɗa su yi ta rawa a jere wai motsa jiki.

Suna gudun lamba 4 saboda sunanta ya yi kama da kalmar mutuwa a harshensu, har waɗansu benaye ba su da hawa na 4 ko na 14, daga 3 sai 5. Lamba 8 kuwa ta arziki ce a wurinsu, shi ya sa suka buɗe wasannin Olamfik na Bejin ranar 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe 8 na dare. Kafin mu yi musu dariya sai mu tuna da namu masu cewa ba a tafiya ranar kaza, ba a aski ranar kaza. Camfi camfi ne, ko a Sin ko a Kano, Musulunci ya kore shi. Amma sanin nasu na da amfani ga ɗan kasuwa. Kada a ba Basine kyautar agogon bango, lafazin ya yi daidai da rakiyar gawa. Koriyar hula kuma a wurinsu alama ce ta mijin da matarsa ke cin amanarsa. Wani daga cikinmu mai zanna-bukar koriya shar ya yini yana murna wai Sinawa na son hularsa, sai da tafinta ya ja shi gefe ya raɗa masa.

Mutanen da Ibn Baɗuɗa ya tarar da kuɗin takarda, yau sun kusa barin ta. Da waya ake biyan kome, ta WeChat ko Alipay, har mai tallan gasasshen dankali a bakin titi. Mun miƙa wa wata mai shago takardar yuwan 100 ta yi ta juya ta tana neman canji a maƙwabta. Tun 2023 aka sauƙaƙa wa baƙi haɗa katin bankinsu da waɗannan hanyoyi, gara a shirya tun kafin a tashi. WhatsApp da Facebook da Google kuwa a toshe suke a layukan ƙasar, a gaya wa iyali kada su ɗauka an ɓata.

ABIN DA BA NA DARIYA BA

A unguwannin Shawbe da Sanyuwanli, inda fataken Afirka suka fi sauka, ciniki da raskwana ake yi. Mai kaya ya danna kuɗinsa, kai ma ka goge ka danna tayinka. Haka abin yake a babbar kasuwar Yiwu mai rumfuna fiye da dubu 70. A nan muka ga abin da ya fi kome ɓata mana rai. Mai masana'anta zai ajiye samfur uku, mai kyau da matsakaici da na banza, sai ɗan'uwanmu ya nuna na banzan, ya ce a buga masa tambarin mai kyan. In kaya sun iso Kano suka lalace a hannun talaka, sai a ce ai kayan Sin ne. Basine ya yi abin da aka biya shi ya yi, yana da nasa laifin, amma wanda ya yi odar shi ne ya ha'inci ɗan'uwansa Musulmi, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya barranta daga mai algus. Yawan shigowar irin waɗannan yadudduka masu araha na cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Kano da Kaduna, tare da rashin wuta da fasa-ƙwauri.

Sai batun biza. Wanda ya bar kwanakinsa suka ƙare ya zama abin farauta, tara ce ko tsarewa ko kora. A Yulin 2009 'yan Afirka sun yi zanga-zanga a Gwanzu bayan wani ɗan Nijeriya ya diro daga bene yana gudun masu duba fasfo. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an fitar da baƙaƙen fata da yawa daga gidajen haya da otal-otal suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin ran Nijeriya. 'Yan Afirkan da ke zaune a Shawbe sun ragu ƙwarai bisa yadda suke a da. Wariyar launi tana nan a wurin waɗansu, haka kuma akwai masu kirki, kamar yarinyar da ta bar hanyarta ta raka mu har ƙofar tasha ba ta karɓi ko sisi ba. A kuma lura da kalandarsu. Sabuwar shekararsu na faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu na rufewa makonni, haka ma makon farko na Oktoba hutu ne. Babban baje-kolin Gwanzu, wanda aka fara a 1957, sau biyu ake yin sa a shekara, Afrilu da Oktoba, lokacin kuwa kuɗin masauki na tashi.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikatan hukuma, abin da muka gani shi ne Sinawa ba su fi mu haƙuri ba, inda ba kyamara su ma kutse suke yi. Abin da ya daidaita titinsu shi ne hukunci na hawa kan kowa daidai, kuma an tanadi jiragen ƙasa da manyan motocin haya kafin a hana mutane abin hawansu. Mu da aka karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ne, bai kamata sai an kafa mana ido bisa turke za mu bar ajiye mota a tsakiyar titi ko baza kaya a kan kwalbati ba. Ungogo na cika da sababbin unguwanni, gonaki na zama filoti, in ba a fitar da tituna da magudanan ruwa tun yanzu ba, 'ya'yanmu za su gaji cunkoson Gwanzu ba tare da jiragenta ba.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya tsarkake dukiyoyinmu daga haram, Ya kiyashe mu haɗarin hanya.